Daga Memfis Zuwa Bentonia, Bisa Sawun Makaɗan Buluz Na Farko

Idan ka bar birnin Memfis na ƙasar Amurka ka ɗauki babbar hanya mai lamba 61 ka nufi kudu, ba ka yin nisa tudu zai ƙare, ƙasa ta shimfiɗe har iyakar ganinka. Wannan ne yankin da mutanen jihar Misisipi ke kira Delta, fadama mai tsawon kusan kilomita 320 tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, wadda ambaliyar dubban shekaru ta jibge wa baƙar ƙasa mai albarka. Watan Oktoba muka shiga, lokacin cirar auduga. Gonaki sun yi fari fat dama da hagu, an jera manyan ƙullin auduga naɗe da leda rawaya a bakin hanya, amma sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga ɗan Adam a gona ba. Inji ɗaya ke yin aikin da a da ɗaruruwan hannaye ke yi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aiki a Memfis, shi ke riƙe da sitiyari. Ya ce, "Ɗana, me ke cikin waɗannan tsofaffin faifan da ya taso ka tun daga gida?" Na ce, "Kawu, muryoyin mutanen na sani. Ƙasarsu nake so in gani."

Mutanen da nake nufi su ne makaɗan buluz na karkara, wato salon kiɗa da waƙa na baƙar fatan kudancin Amurka, jikokin bayi, waɗanda aka ɗauki muryoyinsu a faifan garmaho kusan shekara ɗari da suka wuce. Kamfanonin faifai ba su san baƙar fata na da kuɗin saye ba sai a 1920, da faifan Mamie Smith ya yi kasuwa. Da farko matan birni aka riƙa ɗauka, da 'yan busa a bayansu. A 1926 ne kamfanin Paramount ya fitar da faifan wani makaho daga Tekzas, Blind Lemon Jefferson, shi kaɗai da jitarsa, aka saye shi kamar me. Daga nan kamfanoni suka bazama kudu neman irinsa. Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba, don karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta kusa kashe sana'ar faifai ɗungurungum. Galibin abin da ya iso mana daga wancan ƙarni na makaɗa an ɗauke shi ne cikin waɗannan 'yan shekaru.

Zangonmu na farko Walls ne, kusa da iyakar jiha, inda aka binne Memphis Minnie a maƙabartar wata ƙaramar coci da gonaki suka kewaye. Mace ce da ta yi gogayya da maza a kaɗa jita ta kuma kayar da su. Ta rasu a 1973, kabarinta bai samu dutse ba sai a 1996. Wannan labari na kabari ba dutse, na yi ta karo da shi har ƙarshen tafiyar. Gaba kaɗan akwai Lake Cormorant. A wani kanti a nan, a 1941, Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauki kiɗan Son House da abokansa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kuma in ka saurara da kyau za ka ji jirgin ƙasa yana wucewa a tsakiyar kiɗan. Kantin babu shi yanzu. Layin dogon na nan.

Clarksdale ita ce garin da masu yawon buɗe ido suka fi sani. A tsohon ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgi akwai gidan tarihin buluz, kuma a cikinsa aka kafa ragowar bukkar katako da makaɗi Muddy Waters ya zauna a gandun Stovall. A wannan bukka Lomax da John Work na jami'ar Fisk suka ɗauke shi a watan Agusta na 1941, yana direban tarakta. Daga baya aka aiko masa da dala 20 da kwafi biyu na faifan. Ya sha faɗa cewa jin muryarsa na fitowa daga inji ne ya tabbatar masa da cewa zai iya. A 1943 ya hau jirgi zuwa Shikago. Na tsaya cikin bukkar na taɓa gungumen katakon. Ɗaki ne da ba zai ɗauki gado biyu da sakewa ba.

Inda hanya ta 61 ta haɗu da ta 49 an kafa manyan jitoci a kan sanda, ana ta ɗaukar hoto. Wai nan ne makaɗi Robert Johnson ya sayar wa Shaiɗan ransa domin ya zama gwanin jita. Ban ce Kawu ya tsaya ba.

Washegari muka bi ta Tutwiler. A tashar jirgin garin, wajajen 1903, makaɗi kuma marubucin waƙa W. C. Handy yana jiran jirgin da ya makara ya ji wani mutum cikin tsummoki yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana rera baiti ɗaya sau uku. Wannan na cikin tsofaffin shaidun da aka rubuta game da kiɗan. Sunan mutumin bai shiga tarihi ba. Daga nan hanya ta ratsa Parchman, gidan yarin jiha wanda shi kansa gandun auduga ne, inda allunan bakin hanya ke gargaɗin kada a tsaya. Son House ya yi zama a ciki, Bukka White ma haka, kuma White ya fito ya rera zaman da ya yi a faifai a 1940. Ba katanga ta tsare fursunonin zamanin ba. Fili ne fetal, ba inda mutum zai ɓuya, ga bindiga.

Inda na fi daɗewa shi ne Dockery, a kan hanya ta 8 tsakanin Ruleville da Cleveland, bakin kogin Sunflower. Will Dockery ya kafa gandun a 1895, lokacin da wurin ke kurmi da fadama cike da sauro. Ya sa aka sare daji, ya tara ɗaruruwan iyalai baƙar fata. Gandun na da kantinsa, da gidan waya, da coci, da injin gurzar auduga, da reshen layin dogo, har da kuɗinsa na kansa da ake kashewa a kantin. Abin da ya rage yau 'yan gine-gine ne na katako da kwano: rumbun irin auduga mai ɗauke da sunan gandun da manyan baƙaƙe, gidan injin, da tsohon gidan mai. Ba mai gadi, ba mai karɓar kuɗin shiga.

Kawu ya tambaye ni yadda aka yi noman, tunda an ce an 'yanta bayi tun 1865. Na ba shi abin da na sani. Mai gandu ke ba iyali fili da bukka da alfadari da garma da iri. Abinci da sutura kuma a ɗauka bashi a kantinsa tun daga shuka har kaka. In an cire auduga, rabi na mai gandu ne, daga ɗaya rabin a cire bashi da ruwansa. Littafin lissafi na hannun mai gandu, kuma baƙar fata da ya ce a sake lissafi yana wasa da ransa ne. Iyalai da yawa sukan gama shekara da bashi a kansu. An ce Dockery ya fi maƙwabtansa adalci, shi ya sa mutane suka riƙa tururuwa zuwa wurinsa, cikinsu har da mahaifin Charley Patton.

A nan Patton ya girma, a nan ya koyi jita wurin wani dattijo, Henry Sloan, wanda ba a taɓa ɗaukar kiɗansa ba. Patton ɗan ƙaramin mutum ne, hotonsa guda ɗaya tak aka sani, yana zaune cikin kwat da jita a cinya. Amma muryarsa ƙatuwa ce, mai kaushi, irin wadda aka horar domin ta ratsa hayaniyar ɗaki cike da masu rawa ba tare da lasifika ba. Waɗanda suka gan shi sun ce yakan kaɗa jitar a bayan wuyansa, ya kaɗa ta tsakanin ƙafafunsa, ya wurga ta sama ya cafe, ya doki jikinta kamar ganga. Daren Asabar, in an fito daga gona, akan kwashe kayan wata bukka a soya kifi a sayar da giya, shi kuma ya yi ta kiɗa har asuba. Willie Brown da Tommy Johnson sun zauna tare da shi a wannan yanki. Howlin' Wolf wurinsa ya koya. Pops Staples a Dockery ya tashi yana jin sa.

A jikin gidan injin akwai wani maɓalli. Na danna, sai muryar Patton ta cika wurin. Kawu, wanda tun safe bai ce komai game da kiɗan ba, ya tsaya cak. Ya ce, "Wannan ai kamar mai goge." Kunnensa bai yi ƙarya ba. Yadda tsirkiya ke amsa wa murya, da yadda muryar ke lanƙwasa tana gangarowa daga sama, da mutum ɗaya yana riƙe da taro shi kaɗai, duk abubuwa ne da Bahaushe ya saba ji. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan Ostiriya wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kiɗa a Afirka, ya yi hujja cewa salon Delta ya fi kusa da na yankinmu na savana, har ya kwatanta shi da kiɗan gogen Hausawa. Na yarda akwai jijiya. Amma ba na son masu gaggawar cewa kiɗan namu ne aka kai can. A nan aka haife shi, cikin wannan laka, da wannan bashi, da harshen da aka tilasta wa kakanninsu. Haƙƙin mutanen nan ne.

Yadda muryar ta shiga faifai kuwa labari ne da ke ɓata mini rai duk lokacin da na tuna. Paramount ba kamfanin kiɗa ba ne tun asali. Reshe ne na wani kamfanin kujeru a jihar Wiskonsin, can arewa, wanda ke ƙera akwatunan garmaho, ya ga cewa mai sayen akwati na bukatar abin sawa a ciki. A Jackson, babban birnin Misisipi, akwai wani farar fata mai kantin faifai a titin Farish, H. C. Speir, shi ne ɗan kamashon da ke tantance makaɗa ya tura wa kamfanoni. Wanda ya gamsar da kunnen Speir ya shiga tarihi. Wanda bai samu zuwa wurinsa ba, ko ya je ranar da murya ta dushe, shi ke nan. Speir ne ya tura Patton garin Richmond na jihar Indiyana, inda a rana ɗaya, 14 ga Yuni 1929, ya ɗauki waƙa 14.

Faifan zamanin yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe na ɗaukar kimanin minti uku. Kai tsaye ake yanka sautin a kan kaki, ba gyara. In ka yi kuskure a jefar a sake. Makaɗin da ya saba jan waƙa ɗaya har masu rawa su gaji, sai a kunna masa fitila a ce ya tsaya. Paramount kuma ta yi ƙaurin suna wajen haɗa faifanta da kayan arha, sabo fil ma yana ƙara, balle wanda aka yi ta gurza da allurar ƙarfe a bukkar manomi. Shi ya sa muke jin Patton ta bayan wani shuu mai kama da ruwan sama a kan kwano, har Amurkawa kansu ke gardama kan kalmomin da yake faɗa. Da kamfanin ya daina ɗauka a 1932, ƙarafan asali da ake buga faifan da su suka salwanta, akasari aka sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. Abin da ke hannun duniya yau kwafe ne da masu tara faifai suka bi gida gida suna saye.

A 1930 Patton ya ja Son House da Willie Brown da wata mai piyano, Louise Johnson, suka tafi ɗakin ɗaukar kamfanin a Grafton cikin mota. House ya ce dala 40 aka ba shi, kuma a wurinsa kuɗi ne masu yawa. Faifansa ba su sayu ba. Ɗaya daga ciki ba a ga ko kwafi ɗaya nasa ba sai a 2005. Biyu daga faifan Brown har yau ba su bayyana ba. A 2013 kuwa aka sayi faifan Tommy Johnson guda ɗaya kan dala 37,100, shi da ya rasu a 1956 ba shi da komai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Waƙar Patton da ta fi taɓa ni ita ce "High Water Everywhere", wadda ta cinye gefe biyu na faifai. A kan ambaliyar 1927 ya yi ta. Ranar 21 ga Afrilu na shekarar jingar kogi ta ɓalle a Mounds Landing, arewa da Greenville, ruwa ya shafe kudancin Delta. A Greenville aka tsare dubban baƙar fata a kan jinga, sojoji na gadinsu, ana sa su aikin dole, saboda masu gandu na tsoron in aka kwashe su ba za su dawo gona ba. Patton na kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, yana dukan jita, yana cewa zai gudu tudu amma an tare shi. Da ka ga yadda ƙasar take a shimfiɗe za ka gane tsoron da ke cikin muryar. Ba wurin hawa ko ɗaya.

Ya rasu ranar 28 ga Afrilu 1934 da ciwon zuciya, 'yan watanni bayan ɗaukarsa ta ƙarshe a Niyok. Kabarinsa na Holly Ridge, yamma da Indianola, a gefen wani injin gurzar auduga da ke aiki har yanzu. Muka tarar injin na ruri, farin ƙura na sauka a kan kaburbura. Dutsen kansa sai a 1991 aka kafa, da kuɗin mawaƙi John Fogerty.

Muka kwana a Greenwood, muka ci soyayyar tarwaɗa. Da safe muka haye kogin Tallahatchie muka bi titin Money zuwa cocin Little Zion. Wurare uku ne a wannan yanki ke da dutse mai sunan Robert Johnson, amma nan aka fi amincewa da shi, bisa shaidar matar wanda ya haƙa kabarin. Johnson ya rasu ranar 16 ga Agusta 1938 yana da shekara 27. Duk abin da ya bari waƙa 29 ce, da aka ɗauka a wani otal a San Antonio a 1936 da kuma Dallas a 1937.

Labarin Shaiɗan yana ƙona mini rai domin yana ƙwace wa mutum guminsa. Son House ya ce ya san shi yana yaro a Robinsonville, in ya ɗauki jita mutane na roƙo a karɓe. Ya ɓace na wani lokaci, ya dawo gwani. Inda ya tafi sananne ne: wajen Hazlehurst, garin haihuwarsa, inda ya zauna gidan wani makaɗi, Ike Zimmerman, suna fita maƙabarta da dare suna gwaji don kada su dami kowa. Malaminsa na biyu kuma faifai ne. Mai kunne zai ji sawun Skip James da Kokomo Arnold da Leroy Carr da Lonnie Johnson a waƙoƙinsa. Patton ya kawo kiɗan dandali ne aka datse shi ya shiga faifai. Johnson kuwa ya tashi yana jin garmaho, ya gina waƙarsa daidai minti uku, da mafari da tsakiya da ƙarshe. Ina ganin wannan ne ya sa da aka sake fitar da waƙoƙinsa a 1961, samarin Ingila da Amurka suka fi saurin kama shi a kan magabatansa. Gwani ne na gaske. Amma in aka ce shi ne tushe, an zalunci waɗanda ya koya a wurinsu.

'Yan kilomita gaba a kan wannan titi akwai kangon kantin da aka zargi Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, da yi wa wata farar mace magana a 1955, aka sace shi aka kashe aka jefa gawarsa a kogi. Kawu ya tsayar da mota, muka fito muka tsaya. Duk wanda ke son kiɗan nan ya kamata ya zo nan ma, ya san irin ƙasar da makaɗan ke yawo a cikinta da jita a kafaɗa.

Avalon na gindin tuddan gabas, ƙauye ne da kusan ba abin da ya rage a cikinsa. Mississippi John Hurt, mai taushin murya da yatsu masu tafiya a natse, ya ɗauki faifai wa kamfanin Okeh a 1928 a Memfis da Niyok, bai yi kasuwa ba, ya koma noma da kiwon shanu. A ɗaya daga waƙoƙin ya ambaci sunan ƙauyensu. Wannan baiti wani saurayi, Tom Hoskins, ya bi a 1963 har ƙofar gidansa. Shekara 35 bayan ɗaukarsa ta farko, dattijon ya hau dandalin bikin kiɗan gargajiya na Newport. A 1964 aka gano Son House a Rochester ta jihar Niyok, aka gano Skip James kwance a asibiti a Tunica. Sun ɗan ɗanɗani girmamawa kafin su rasu, a gaban ɗaliban jami'a fararen fata da ke zaune shiru suna sauraro, abin da ba su saba da shi ba.

Bentonia, garin Skip James, tana kudu da Yazoo City. Shi ne ya ɗauki waƙa 18 a Grafton a 1931, da siririyar murya da wani ɗaurin tsirkiya mai sa tsigar jiki tashi. A bakin layin dogo akwai wani ɗan gini na bulo mai shuɗin gaba, Blue Front Cafe, wanda iyalin Holmes suka buɗe a 1948, kuma ɗansu Jimmy "Duck" Holmes, wanda ya gaji salon garin, ke riƙe da shi. Mun isa da yamma. Wani mai jita na zaune a kujerar ƙarfe, mutane kaɗan a ciki, wasu 'yan gari wasu baƙi. Ya kama waƙa ɗaya bai sake ta ba. Baiti ya zo, ya tafi, ya dawo da wata kalma daban. Wata mata ta miƙe ta fara rawa, ya ƙara nauyin babban yatsansa a kan tsirkiyar ƙasa don ya bi ƙafarta. Wani ya yi masa magana daga bakin ƙofa, ya amsa a cikin waƙar, aka yi shewa. Jirgin kaya ya wuce, ginin ya girgiza, bai tsaya ba. Na duba agogo da ya ajiye hannu: waƙar ta haura minti goma sha biyar, tsawon gefe biyar na faifan Paramount.

Kawu ya jawo kujerarsa kusa da makaɗin, ya ce in tambaye shi ko zai ƙara wata kafin mu kama hanyar Jackson. Ya ƙara har uku.